Abin da za a yi a sa'o'in farko bayan goɗiya ta haihu

1. Ɗan dukushi na faɗowa, a share masa hanci da ƙyalle mai tsabta. In tantanin haihuwa ya rufe masa fuska, a yage shi da hannu nan take.

2. Kada a yanke cibiya. Da kanta za ta tsinke idan uwar ta miƙe. Sai a tsoma guntun cibiyar cikin aidin da aka surka da ruwa, sau biyu ko uku a rana har ta bushe. Toka da kashin shanu ba magani ba ne. Ta cibiyar ne tetanus (cutar da ke sandarar da jiki) da kumburin gaɓoɓi ke shiga.

3. A lura da agogo: ɗan dukushin ya miƙe tsaye cikin awa 1, ya kama nono cikin awa 2. Dakashi, wato nonon farko, shi ne duk garkuwarsa, kuma bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar wannan kariya. In ya kasa, a tatso a ba shi kaɗan-kaɗan yana tsaye ko a gurfane, kar a ɗaga masa kai sama, don madarar kan faɗa huhu.

4. Mabiyiya ta fita cikin awa 3. In tana reto ba ta gama fita ba, a ɗaure ta sama da guiwar baya don kar goɗiyar ta taka, amma ba a jan ta. In ta wuce lokacin, a kira likitan dabbobi: guntun da ya maƙale yana ruɓar da mahaifa, har ya jawo ciwon kofato.

5. In ɗan dukushin yana ta nishi kashin farko bai fito ba, shi ma aikin likita ne.