Ku riƙa duba ƙasan roba kafin ku zuba abu mai zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu sana'ar kunu da zobo a nan Jos. Ku juya gorar ku duba ƙasanta, za ku ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku, ita ce ke nuna irin robar.

In kun ga 1, wato PET, gorar ruwa da lemo ke nan, ta sanyi ce kawai. Zafi ya kai wajen digiri 70 sai ta fara lanƙwashewa. Don Allah a bar kunu ya huce sarai kafin a ɗura, ko da sanyin hunturu ya sa masu saye na neman mai ɗumi. Mai lamba 5, PP, ita ce ke jure zafi, ita za ku nema in kun shiga kasuwar Terminus sayen robar abinci. Lamba 2 ta jarka ce, tana da ƙwari, amma wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari kar ta koma ta ruwan sha, komai wankinta.

Abin da ya fi damuna shi ne hura gawayi da leda ko guntun bututun ruwa mai lamba 3, PVC. Hayaƙinsa guba ne, ga yara zagaye da murhu suna jin ɗumi. A nemi ƙirare ko takarda.