Darasi na 7: Rage Kaurin Faffaɗan Katako

Malam kafinta, an kawo maka aikin tebur. Katakon da ke hannunka maɗaci ne, faɗinsa inci 12, kaurinsa milimita 32. Aikin kuma milimita 25 yake so, wato kusan inci ɗaya. Milimita 7 ke nan za ka cire. A baki kaɗan ne, amma maɗaci da kawo da madobiya itatuwa ne masu tauri, ba sa son gaggawa.

Kafin ka taɓa shi, tabbatar ya bushe. Ɗanyen katako ko ka daidaita shi yau, da hunturu ya busa zai lanƙwashe. Duba kuma ko akwai ƙusa ko tsakuwa a jikinsa, don ƙusa ɗaya ta isa ta ɓata bakin filen, wato ƙarfen da ake fere katako da shi.

Fara da fuska ɗaya

Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Sai mutum ya hau fira ta ko'ina, katako ya sirance amma yana nan a murɗe. Zaɓi fuska ɗaya ka daidaita ta tukuna. Ɗora katakon a kan benci, ka danna kusurwoyinsa. In ya yi rawa, a murɗe yake. Samo sanduna biyu miƙaƙƙu masu kauri ɗaya, ka gitta ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Durƙusa ka hango su da ido ɗaya. Kusurwar da ta ɗaga, shafa mata alli, ita za ka fara ci.

Da fuskar ta kwanta sumul, sai ka saita geji, wato ma'aunin jan layi, a kan milimita 25, ka jingina shi da ita, ka ja layi a gefuna huɗu. Layin nan shi ne iyakarka.

Yadda ake fira

Wasa bakin filen sosai. Dakusasshen baki wahalar da kai zai yi, ya kuma yayyaga katakon. Ɗan fere gefen da ke nesa da kai a karkace har zuwa layi, don kada ya ɓalle idan filen ya fita ta wajen. Daga nan tura filen a gicciye, daga gefe zuwa gefe, ko a ɗan karkace. Haka ya fi ci da sauri. Za ka ga ɓawon yana fitowa gajere-gajere, mai kauri. Idan saura kamar milimita ɗaya ka kai layi, mayar da bakin ciki kaɗan, ka koma bin tsawon katakon. Yanzu ɓawon zai fito siriri yana nannaɗewa. Maɗaci yana da wani hali: jijiyarsa takan sarƙe, wani sashe ya bi nan, wani ya bi can. In ka ga yana tsagewa, juyo ta ɗaya kan.

Ni shawarata, kada ka kwashe milimita 7 ɗin duka daga fuska ɗaya. Cikin katako ya fi bayansa danshi. In ka buɗe gefe ɗaya kawai, da safe za ka tarar ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Ci 3 a fuskar farko tun kafin ka ja layi, 3 a ɗayar, ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsa fuskokin biyu, ya kwana. Gobe ka ƙarasa milimita ɗayan da ya rage, ka bi da samfefa.

In inji za ka kai shi, ka roƙi mai injin ya riƙa cin milimita ɗaya zuwa biyu a kowane zagaye, yana juya katakon. Rufe hancinka da ƙyalle ko takunkumi, ƙurar katako mai tauri tana damun ƙirji.

Aikin gida

Auna wani katako a shagonku, ka rubuta kaurinsa a littafinka. Idan kaurin milimita 38 ne, ana son 30, nawa za ka cire daga kowace fuska?