Yadda za ka kamo jigon litattafan Amurka tun kana hutu a gida

Ƴan uwa masu karantar adabin Turanci a BUK ko Dutse ko Kafin Hausa, musamman mu da muke komawa ƙauye in an yi hutu, abin da ke kayar da mutane a kwas ɗin adabin Amurka shi ne haddace jigogi daga handawut alhali ba su san tarihin ƙasar ba, sai lakcara ya ɗan juya tambaya ka ga mutum yana ta kame-kame.

Fara da riƙe shekaru uku. 1776 suka ayyana ƴancin kai daga Ingila, 1861 zuwa 1865 suka yi yaƙin basasa wanda bauta ce tushensa, 1929 kuma kasuwar hannun jari ta rushe talauci ya rufe ƙasar. Duk littafin da aka ba ka duba shekarar da ya fito, ka ga wanne daga cikin ukun nan ya fi kusa da shi.

Jigon da aka fi tambaya shi ne burin nan nasu na cewa kowa zai iya arziki da guminsa ko ɗan waye. To kar ka tsaya a nan, yawancin marubutan tuhumar burin suke yi. A The Great Gatsby na Fitzgerald, 1925, Gatsby ɗan manoma ne talakawa ya canja suna ya tara dukiya ta hanyar sayar da giya lokacin da doka ta hana, duk don ya dawo da tsohuwar budurwarsa Daisy, ƙarshe aka harbe shi kuma masu cika gidansa wajen shagali ba su zo jana'izarsa ba. Haɗa shi da Willy Loman, mai yawon tallan kaya a wasan kwaikwayon Death of a Salesman, 1949, ka samu amsa mai nauyi.

Sai bauta da launin fata. Karanta tarihin Frederick Douglass na 1845 tukuna, gajere ne, bawa ne da ya koyi karatu a ɓoye ya gudu, daga nan ka shiga Huckleberry Finn na Mark Twain. Lura da kyau, yaron nan Huck gani yake zunubi yake aikatawa da ya taimaki wani bawa mai suna Jim ya tsere a kogin Mississippi, saboda irin tarbiyyar da aka yi masa ke nan, to nan jigon yake, ba a yawon kogi ba.

Jigon ƙasar noma da hijira kam mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. The Grapes of Wrath na Steinbeck, 1939, fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin Oklahoma, banki ya kore su daga gona, iyalan Joad suka ɗaure kaya a tsohuwar mota sai California neman aikin tsinkar ƴaƴan itace. Wanda ya taɓa ganin damina ta gaza a garinsu samari sun watse cin rani ya riga ɗan birni gane littafin nan, wallahi.

Akwai kuma mutum da hukuncin jama'arsa, The Scarlet Letter na Hawthorne, 1850, inda aka tilasta wa Hester yawo da harafin A a ƙirji saboda zina, shi kuwa limamin cocin da ya yi mata cikin yana ta shan girma. Moby-Dick ni dai ka bar shi sai ƙarshe, tsayinsa kaɗai zai cinye maka hutun.

Ranar kasuwa in ka je caji ka samu sabis, sauke tsofaffin daga shafin intanet na Project Gutenberg, kyauta ne. Samu littafin rubutu, kowane jigo shafinsa, kana karatu kana rubuta sunan mutum, abin da ya same shi da babin da abin ya faru. A jarabawa kawo jigon a jimla ɗaya, ka bi shi da misali daga litattafai biyu, kar ka cika takarda da ba da labarin tun daga farko.