Idan Tari Ya Ƙi Jin Magani: Abin da Mai Jinya Zai Yi

Aikina jinya ne a ɗakin masu ciwon ƙirji, kuma abin da ya fi sosa mini rai shi ne a kawo mana mutum bayan ya shanye maganin tarin fuka kaf, ashe sankarar huhu ce ke cin sa. A farko kamarsu ɗaya: tari, rama, ciwon ƙirji, kaki da jini.

Tari in ya wuce mako biyu, a bar zaryar kemis, a je gwajin kaki. Na'urar GeneXpert tana gano ƙwayar tarin fuka, ta kuma nuna ko mai bijire wa magani ce. A cibiyoyin tarin fuka na gwamnati a Najeriya maganin kyauta ne. Kakin da za a kai ya fito daga can cikin ƙirji, yawu ba ya amfani. In an tabbatar da cutar, a sha magani wata shida ba fashi. Fitsari zai yi ja, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan, kada a tsorata.

Inda nake so ku sa ido sosai shi ne in gwaji bai nuna komai ba, aka ɗora mutum a kan magani saboda hoton ƙirji kawai. Ku riƙa auna nauyinsa kuna rubutawa. Mai tarin fuka da ke shan magani daidai yakan fara cin abinci, zazzaɓi ya sauka cikin 'yan makonni. Wata biyu sun cika yana ta ramewa, ko murya ta dushe, ko fuska da wuya suna kumbura, ko ƙulli ya fito a saman ƙashin wuya, to ku koma wurin likita, ku tambayi hoton CT, wanda ke nuna cikin ƙirji dalla-dalla, da gwajin tsokar nama, wato a ciri ɗan gutsuren nama daga wurin ciwon a duba. Musamman in ya daɗe yana shan taba, ko da yake na yi jinyar mata da ba su taɓa riƙe sigari ba.

Na san maganar da ake yi, wai daji ba ya son ƙarfe. Wallahi wannan magana ta jawo wa mutane da yawa jinkiri. Ɗan gutsuren naman nan shi ne ke faɗa wa likita irin sankarar da maganin da zai dace da ita. In kuma ruwa ya taru a ƙirji, a yarda a zuƙe shi a asibiti, a kai shi gwaji. Ƙaho da tsaga ba sa kai wa wurin. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, suna da likitocin wannan fanni. Ku tafi da duk hotuna da takardun baya a jaka guda.

A gida, kada a kwantar da mai haki a miƙe. A jingina shi da filo biyu ko uku, ko ya zauna ya ɗan sunkuyo ya ɗora hannuwa a kan tebur. Iskar fanka ko mafici a fuska tana rage sarƙewar numfashi fiye da yadda ake zato. A fitar da turaren wuta, garwashi da maganin sauro mai hayaƙi daga ɗakin, 'yan dubiya kuma su shigo kaɗan-kaɗan.

Abinci kaɗan, sau da yawa: kunun gyaɗa, ƙwai, farfesu, nono. Kada a yi masa ɗure. In ba ya iya tashi, a juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya.

In likita ya rubuta mofin, maganin nan mai ƙarfi na rage zafin ciwo, a ba shi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya taso yana murƙususu. Yana sa bushewar ciki, don haka a nemi maganin sassauta ciki tare. In ya yi tarin jini mai yawa, a kwantar da shi a ɓangaren da ciwon yake, a nemi mota nan take. Haka ma in leɓɓansa suka sauya launi ko ya fara sambatu, ko da tsakar dare ne.