Yadda ake yi wa wistiriya aski a hunturu, da abin da za a yi da kwansonta

Mutanenmu da yawa da suka kama gida a Ingila sun tarar da wistiriya tana manne da bango tun kafin su zo. Ita ce itacen nan mai yaɗo da ke hawa har saman taga, a watan Mayu ta sako furanni shunayya, zara-zara, suna reto, ƙamshi ya cika layi. Shekarar farko sai a ji daɗi. Shekara biyu ko uku bayan nan sai ganye ya rufe taga, fure kuwa babu, mai gida ya ce itacen ya tsufa. Ba tsufa ba ne. Akwai wadda aka dasa a Chiswick da ke Landan tun 1816, shekarar da aka fara kawo irin na Sin ƙasar, kuma har yau tana fure. Matsalar aski ce, kuma Janairu zuwa Fabrairu ne lokacinsa, sa'ad da ganye ya zube kaf, kowane reshe ya fito fili.

Kayan aiki ba su da yawa: almakashin lambu mai kaifi, tsani mai ƙarfi, safar hannu, igiya mai laushi da jakar takarda. Almakashin kada ka sayi na arha. Yana murƙushe reshe maimakon ya yanke shi, kuma ta wurin da ya murƙushe ruɓa ke shiga. Gara ka sayi mai kyau sau ɗaya ka riƙa wasa shi. Ka zaɓi ranar da babu ƙanƙara a ƙasa, saboda tsanin.

Ka fara da kwanso. Wistiriya dangin wake ce, don haka idan fure ya kaɗe takan bar kwanso dogo, santimita 10 zuwa 15, wanda ke rataye har tsakiyar sanyi. Idan ka shafa ka ji gashi-gashi mai laushi, irin na Sin ne ko na Japan. Na Amurka kwansonsa sumul yake. Wasu na barinsa don ado, kuma gaskiya yana da kyau a kan reshen da ba ganye. Ni dai ban yarda a bar shi a gidan da ke da yara ba. Idan ya bushe sosai yakan murɗe ya fashe da ƙara, ya watsa 'ya'yan nesa da gindin, su faɗa cikin ciyawa. 'Ya'yan faffaɗa ne, ruwan ƙasa, masu sheƙi, yaro na gani zai kai baki, alhali guba ne: suna sa amai, ciwon ciki da gudawa, kuma haka suke yi wa kare da kyanwa. Idan yaro ya ci, a nemi likita nan take.

Kada ka fizge kwanson da hannu. Na sha ganin ana yin haka, a kama a ja, sai ya taho da guntun reshen da yake maƙale a kai, wanda kuma a jikinsa furen bana yake kwance. Ka sa almakashi ka yanke siririn wuyan kwanson kawai, ka jefa a jakar takarda, ka naɗe bakinta.

Yanzu sai askin kansa, kuma a nan ne kusan kowa ke ɓata aikin.

Ka tsaya nesa kaɗan ka kalli itacen kafin ka taɓa komai. Za ka ga manyan rassa masu kauri, launin toka, waɗanda aka ɗaure a jikin waya ko katako. Su ne ƙashin itacen, ba ruwanka da su. Daga jikinsu ne sirara ke fitowa, waɗanda suka tsiro a bazarar da ta wuce. Idan an yi askin rani a Yuli ko Agusta, an riga an rage su zuwa ganye biyar ko shida, za ka same su gajeru. Idan ba a yi ba, za ka same su sun miƙe mita biyu ko fiye, sun nannaɗe juna, wasu sun shige indararo. Ko wanne ka tarar, abu ɗaya za ka yi: ka bi kowane siririn reshe zuwa inda ya fito, ka ƙirga ido (ɗan tsiron jikin reshe inda ganye ko fure zai fito) biyu ko uku daga can, ka datse ɗan sama da na ƙarshe. Abin da zai rage bai wuce tsawon yatsa ba.

Mai koyo yakan ji tsoro a nan. Yana ganin ya yi ɓarna, sai ya bar ido bakwai ko takwas "don kada ta mutu". Wistiriya ba ta mutuwa da aski. Abin da dogon reshe ke yi shi ne ya kwashe ƙarfin itacen ya kai can ƙarshe, ya mayar da shi ganye, ganyen kuma ya lulluɓe ɗan furen da ya samu fitowa. Idan ka rage shi, ƙarfin ya taru a gindi, shekara bayan shekara wurin yana zama ɗan dunƙule mai gajerun 'yan rassa, kuma daga irin wannan dunƙulen ne fure ke fita.

Akwai kuma mai koyo na biyu, wanda ya fi na farko ɓarna: mai son tsafta. Shi yana ganin waɗannan dunƙulen marasa kyan gani, sai ya share su daidai da jikin babban reshe don bango ya yi fes. Ya zubar da furen shekara biyu ko uku ke nan a cikin rabin sa'a. Don haka ka koyi bambanta ido kafin ka hau tsani. Idon ganye siriri ne, mai tsini, yana kwance a jikin reshe. Idon fure ya fi kumbura, ya fi zagaye, kuma yakan ɗan ɗago. A farkon Janairu bambancin ba ya fitowa sosai, shi ya sa na fi son Fabrairu, lokacin da idon fure ya fara cika har ana gane shi daga ƙasa. Ka kawo fuskarka kusa, ka taɓa da yatsa. Duk gajeren reshen da ka ga yana ɗauke da kumburarrun ido, ka bar shi yadda yake ko da idon sun kai huɗu. Ƙirgar biyu ko uku ta siraran rassa ce masu idon ganye.

Idan kana son itacen ya ƙara faɗi ya rufe wani sashe na bango, ka zaɓi dogon reshe ɗaya ko biyu masu lafiya, kada ka datse su, ka kwantar da su a kwance a kan waya ka ɗaure sako-sako. A kwance, ba a tsaye ba. Reshen da ke tsaye gudun sama kawai yake yi. Wayar ta zama mai kauri, layi-layi, tazarar kamar santimita 30, a ɗaure da ƙusoshi masu zobe da aka kafa a bango. Duk reshen da ya nannaɗe bututun ruwa ko ya kutsa ƙarƙashin rufi, ka cire shi yau, domin idan ya yi kauri yana lanƙwasa ƙarfe. A Sierra Madre ta jihar Kalifoniya akwai wadda aka dasa a 1894, nauyinta ya lalata gidan da ta fara hawa.

Ka duba gindi kuma. Yawancin waɗanda ake sayarwa masu aure ne, kamar mangwaronmu mai aure, kuma za ka ga kumburin haɗin kusa da ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan kumburin na uwar gindi ne, ka cire shi tun daga tushe. Taki kuwa, kada ka kusanto da yuriya ko takin ciyawar tsakar gida. Dangin wake suna samar wa kansu naitirojin ta saiwa, ƙarin da ka yi ganye zai zama. Idan dole sai ka ba ta wani abu, ka ba ta mai fotash, irin wanda ake sa wa tumatir, a farkon bazara.

Saura kwanson da ke cikin jaka. Ka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi, sama inda hannun yara ba ya kaiwa, za ka ji suna fashewa da kansu. Ka tsince 'ya'yan, ka zuba a ambulan, ka rubuta "guba" a jiki. A watan Maris ka ɗan goge gefen kowace ƙwaya da magagari, ka jiƙa a ruwan ɗumi kwana ɗaya, ka binne zurfin santimita 2 a tukunyar shuka, ka ajiye a bakin taga. Cikin 'yan makonni za su tsiro, ba wuya. Sai dai wadda aka shuka daga iri takan kai shekara 10 zuwa 20 kafin ta yi fure, kuma ba lallai furen ya yi kama da na uwar ba. Mai son fure ya sayi dashe mai aure, kuma ya saya a watan Mayu yana ganin furen a jiki, ko da ya fi tsada. Masu tunanin kai irin gida su shuka a Kano ko Zinder su haƙura, domin itacen na buƙatar sanyi mai tsanani ya kwanta kafin ya yi fure. Waɗanda ke kudu maso gabashin Amurka kuma kada su shuka na Sin ko na Japan sam, can sun zama annoba suna shaƙe itatuwan daji. Su nemi ɗan ƙasar, mai sumul ɗin kwanso. 'Ya'yan da ba ka buƙata ka ƙulle su a leda ka sa a kwandon shara, ba a ramin takin gida ba.