Yadda ake duba zanen jarumi kafin a yi masa sharhi

Idan wani ya zana jarumin katun da yake ƙauna, kada ka tsaya a "ya yi kyau". Fara ƙanƙantar da zanen a waya. In ka gane jarumin daga siffar jikinsa kaɗai, to mai zanen ya kama shi.

Sai ka auna. Tsawon babban mutum yakan kai tsawon kansa sau 7 da rabi zuwa 8. Idanu kuwa a tsakiyar kai suke, amma masu koyo sukan ɗaga su kusa da gashi, sai goshi ya ɓace. Lura da salo fa: a zanen chibi na Japan, wato salon babban kai da ƙaramin jiki, duk tsawon jikin kai 2 ko 3 ne, kuma da gangan ake yi.

Haske ne wurin da aka fi tuntuɓe. Nemo ta ina yake shigowa. In daga hagu ne, inuwar hanci da ta ninkin riga duk su faɗa dama. Ɗaya ta saɓa, sai fuskar ta zama kamar manna ta aka yi. Duba zanen a madubi, karkatar ido ko muƙamuƙi za ta fito fili.

Wajen magana, kama abu takamaimai: "Jan da ka sa a gefen kunne ya ba fuskar ɗumi." Gyara guda ya isa, shi ma bayan ka tambaya ko yana so. In za ka tura wa wasu, kada ka yanke sa hannunsa.