Ga masu shirin kafa tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ma'aikata

Jama'a, abin da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne rashin sirri. Muddin ma'aikaci ya zaci maganarsa za ta koma kunnen shugabansa, ba zai je ba, ko kyauta ne. Don haka ku ɗauko ƙwararre daga waje, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ma'aikata za ta ga adadin waɗanda suka je kawai, ban da suna.

Wajen tantancewa, takardar PHQ-9 ta ciwon damuwa ce, tambaya 9. GAD-7 ta yawan fargaba, tambaya 7. Duka biyun makonni 2 da suka wuce suke dubawa. Maki 10 zuwa sama, a ga ƙwararre. Wanda kuwa ya amsa cewa yana tunanin cutar da kansa, ranar za a haɗa shi da likita, ko nawa ne makinsa. Kuma ba shugaban sashe ne zai karɓi takardun ba.

Zaman tattaunawa na CBT, wato jinya ta hanyar magana da ƙwararre don sauya tunani da ɗabi'a, yawanci sau ɗaya ne a mako, kusan minti 50, kuma yakan kai zama 8 zuwa 16. Shirin da ya tsaya a zama 3 to a tanadi inda za a miƙa mutum, kada a bar shi a tsakiyar hanya. Maganin ciwon damuwa kuma yakan ɗauki makonni 2 zuwa 6 kafin ya fara aiki. Yanke shi farat ɗaya na jawo jiri da rashin barci.

Idan yawan aiki ko cin zarafi ne tushen matsalar, sai an rage aikin ko an tsawatar wa mai cin zarafin, shawara kaɗai ba ta isa ba.